Innar Wanki da Farin Kashin Jikanta

Innar Wanki ake ce mata a asibitin yara, tun daga masu gadi har manyan likitoci. Shekara ashirin da biyu tana ɗakin wanki na can ƙasa bayan kicin, inda injina biyu suke, ɗaya yana aiki ɗaya kullum ana jiran makaniki. Kuma ita ba kowane wanki take yi ba, nata na hawa na biyu ne, ɗakin yara masu ciwon hanta da na hanji da waɗanda suka rame har kana ƙirga haƙarƙarinsu. A ɗakin nan ba a yarda da famfas, farin nafkin na yadi ake ɗaura wa jarirai, kowane gado da bokitinsa da lamba a jiki, don likitoci suna son a ga abin da yaro ya yi. To kafin nafkin ya shiga inji sai an kankare shi an ɗauraye da hannu, hannun kuwa na Inna ne.

Ta shiga aikin ne bayan mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ƙaramar tana rarrafe. Maƙwabciya ce ta ce mata ana neman wadda ba ta da ƙyama, Inna ta ce ai ita ce, alhali satin farko kullum sai ta yi amai a bayan tankin ruwa ta kurkure baki ta dawo. Safar hannu kwana biyu take yi ta yage, ruwan bilic ya cinye mata farce ya tsattsaga tafin hannu, har Auta tana yarinya takan gudu in za a shafa mata mai, wai hannun Inna soso ne. Mazan biyu sun girma sun tafi neman na kansu nesa, ya rage daga ita sai Auta.

Fuskar yaran sama ba ta cika sani ba, lamba ta sani. Takan san gado na huɗu ya fara warkewa tun kafin uwarsa ta sani. Kore ko rawaya, to alhamdu lillahi. Baƙi kamar kwalta, jini ne, maza a gaya wa Sista. Mai maiƙo da yake manne wa yadi, wannan yaron abinci ba ya zama a jikinsa. Amma wanda yake sa gabanta faɗuwa shi ne fari, fari fat kamar an jiƙa alli. Shi ya fi kowanne sauƙin wanki, ruwa ɗaya ya fita ba tabo, kuma shi ta fi tsana, don ta lura bokitin da yake kawo irinsa wata biyu wata uku, wata rana sai ya sauko da zanen gado da rigar katifa gaba ɗaya, washegari lambar ta zama ta wani yaron.

Akwai ranar da ta ji ana murna wai gado na tara ya fara yin rawaya, sai ta hau sama da bokitin a hannu ta ce wa Sista ba haka ba ne, fitsarin yaron ne mai duhu ya rina saman, ita ta sa tsinke ta buɗe tsakiya fari ne. Sista ta hau ta da faɗa, wa ya aike ta, yaushe mai wanki ta zama likita. Likitar da suke kira Doguwa tana gefe tana rubutu, sai da rana ga ta a ɗakin wanki takalminta cikin kumfa, wai Inna ta nuna mata. Da ta gani sai ta kife bokiti ta zauna a kai ta yi mata bayani. Hanta tana yin wani ruwa mai ɗaci, yana bin siririyar hanya ya sauka hanji, shi ne yake ba kashi kala. Wasu jariran hanyar tana toshewa, ruwan ya rasa mafita ya koma yana cin hantar a hankali, yaro kuwa ɓul-ɓul yana shan nono yana dariya ba mai zargin komai. In an yi aiki kafin wata biyu da yawa suna tashi, in aka wuce nan hantar ta fara tauri, duk ranar da aka ƙara an rage wa yaro rabo.

Daga nan aka mai da Inna malama ba tare da ta roƙa ba. Doguwa da mutanenta suna wani bincike, suna so su yi kati mai kala bakwai da za a ba uwa ta riƙa gwadawa a gida, uku na farko farare na haɗari, huɗu na lafiya. A kan dakalin Inna aka ɗauki hotunan cikin hasken rana, don ta ce musu ƙwan lantarki maƙaryaci ne, yana sa fari ya koma rawaya. Duk sabbin ɗaliban likita sai an sauko da su wurinta, ta miƙa wa kowa tsinke ta ce bismilla 'yan gayu. Wani mai ƙamshin turare ya taɓa sulalewa ƙasa aka yi ta masa fifita da kwali, har yau in ya hango ta sai ya canza hanya, ga shi yanzu babban likita ne.

Da katin ya fito Doguwa ta ba ta guda biyar. Huɗu ta raba wa maƙwabta masu jarirai, ɗaya ta ajiye wa Auta da take da ciki wata bakwai a lokacin. Sau uku tana sa shi a jaka za ta kai mata, sau uku tana dawowa da shi. Ta yaya za ta miƙa wa mai ciki hoton cuta? Kamar tana kiran abin ne da bakinta. Ta ce bari dai a sauka lafiya, ta tura shi ƙasan akwati ƙarƙashin zannuwa. Da aka haihu kuma yaro ƙato, sai ta ga ai ba buƙata.

Abu ɗaya ta rantse a kai, 'yarta ba za ta wanke kashi ba, ita ta riga ta wanke nata ta wanke na 'yarta. Duk Asabar za ta hau mota biyu zuwa can ƙarshen gari inda Auta take da mijinta tela, da ƙaton ƙunshin famfas a ka. Auta kuwa nata ƙoƙarin shi ne ranar hutun Inna kar ta ga kashi ko da ido, kafin ta iso ta gyara yaron tsaf ta shafa masa hoda, in ya yi kuma ta sure shi ta shige ciki ta naɗe abin ta jefa a shara. Inna ta zauna tana yi wa jikanta tsiya, Maigida take ce masa, wai ta yi dacen miji marowaci, ko sannu ba ya yi mata sai barci da tusa. Ta ga idonsa ya ɗan yi rawaya ta tambaya, Auta ta ce a ƙaramin asibitin unguwa an ce shawarar jarirai ce tana wucewa. Inna ta yarda, don tana son ta yarda.

Asabar ta takwas Auta ta shiga wanka ta bar mata shi a cinya. Yaron ya yi nishi ya haɗe fuska, Inna ta yi dariya ta ce to Maigida yau dai ka ba ni tukwici. Ta kwantar da shi ta ɓalle famfas ɗin, sai dariyar ta tsaya. Ɗakin da duhu-duhu, an ja labule, ta ce wa kanta ai labulen ne, ta ɗauki abin ta fita tsakar gida. Sama-sama rawaya ne. Ta karyo tsinken tsintsiya, ta buɗe tsakiya. Fari ne fat.

Ta fara ƙirga kwana da yatsu, ran Litinin aka haife shi, bakwai, sha huɗu, ashirin da ɗaya, lissafin ya ɓace ta sake farawa ya sake ɓacewa, da ƙyar ta kai. Hamsin da huɗu. Saura kwana shida ya cika wata biyu. Tana jin zubar ruwan wankan Auta da 'yar waƙar da take yi, yaron kuma a ɗaki yana wasa da ƙafa.

Auta ta fito ta tarar da uwarta durƙushe a rana da famfas a hannu, ta fara dariya wai Inna ko ranar hutu ba a hutawa, da ta ga fuskar uwar sai ta daina dariyar. Inna ta tambaye ta tun yaushe yake yin irin wannan. Ta ce ai tun yana sati biyu ko uku, yaro mai shan nono, nono fari ne to me zai fito? Inna ta ce ta sa kaya yanzu za su asibiti. Nan Auta ta birkice, ta rungume ɗanta tana cewa aikin Inna ne ya sa kowa ta gani mara lafiya ne, a dubi kumatun nan, a dubi cinyar nan, ta kira mijinta a waya tana kuka. Tela ya shigo da tef ɗin awo rataye a wuya da zare a riga, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce cikin ladabi Inna a bari zuwa Litinin a koma ƙaramin asibiti, yaro ba zazzaɓi ba kuka. Duk bayanin Doguwa da ta yi shekaru tana maimaita wa ɗalibai ya gudu daga kanta, bakinta ba abin da yake iya faɗi sai fari ne, fari ne. Ta ƙulle famfas ɗin a leda, ta sa hannu ta zare yaron daga ƙirjin uwarsa ta goya shi.

"In ƙarya nake ku dawo da shi da yamma, kar ku ƙara bari na taɓa shi har na mutu."

Ta fice, suka biyo ta.

Motar farko ta tsaya ɗaukar fasinja kamar ba za ta tashi ba, ta biyu ta shiga cunkoso, kwandasta yana ta zolaya wai Iya me aka ƙulle a leda haka ana riƙo da hannu biyu, gwal ne? Ba ta ko kalle shi ba. Jin ɗumin yaron take a bayanta da numfashinsa, tana ta ganin bokitan nan suna saukowa da zanen gado. Da suka iso ta bi da su ta ƙofar baya ta wajen ɗakin wanki, don ita ba ta taɓa shiga ta gaba ba, suka hau hawa na biyu.

Sistar nan da ta taɓa yi mata faɗa ce a bakin aiki, yanzu sun tsufa tare sun zama abokan tsiya, ta ce yau kuma wane bokitin ne ya yi laifi. Inna ta je bakin taga ta kwance ledar. Sista ta zaro kati daga aljihu ta ɗora a gefe, kala ta biyu, ta tambaya na wane gado ne.

"Nawa ne," in ji Inna.

Sista ta ɗauki waya ta kira Doguwa. Auta ta karɓi katin tana juya shi, ta duba fararen ta duba ledar, ta ce me ya sa ba wanda ya taɓa ba ta irin wannan. Sista tana riƙe da waya ba ta san komai ba ta ce ai Inna tana da shi, an ba ta tun fitowarsa.

"Inna, kina da shi?"

"Ina da shi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki haihu. Yana ƙasan akwati."

Auta ta kwance ɗanta daga bayan uwarta ta koma can ƙarshen benci.

Doguwa ta zo da kayan gida ko farar riga ba ta sa ba, ta danna cikin yaron ta daɗe tana dannawa, ta ce hantar ta girma amma ba ta yi tauri sosai ba. Aka ba shi gado na shida. Aka ɗebi jini, aka hana shi nono awa huɗu don hoton ciki yana tsala ihu har muryarsa ta dishe, aka sake ɗibar jini. Doguwa ta ce ba za ta yi musu alkawari ba, abin da za ta iya shi ne ta nemo masa wuri a ɗakin tiyata ran Alhamis. Inna ta ƙirga, kwana hamsin da tara.

Ran Litinin ta sauka aiki don ba wanda zai yi mata, sai ga bokiti na shida ya sauko cikin sauran. Ta bar shi har ƙarshe tana zagaya shi, da ta ɗauka kuwa ruwa ɗaya ya fita tas, ta dafa dakali ta daɗe ba ta iya miƙewa ba. Talata aka kawo ɗalibai, ta kasa yi musu tsiya, ta kasa riƙe tsinke, wata 'yar siririya a cikinsu ce ta karɓa ta buɗe wa sauran suka gani. In ta hau sama Auta za ta gaishe ta ina wuni ta juya fuska bango, daga nan ba ƙari. Inna kuwa abinci ya ƙi shiga.

Alhamis da safe aka tura shi a ɗan gado, hannunsa da allura an naɗe da filasta, ƙofa ta rufe. Su uku a benci. Tela yana ta jan zaren bakin rigarsa har ya warware kalmasar gaba ɗaya bai sani ba. Duk wanda ya fito da koren kaya sai Inna ta miƙe, ya wuce kuma ba wurinsu ya zo ba. Awa uku, awa huɗu. Can Auta ta matso, idonta a ƙasa.

"Inna, ni ma na ga idonsa yana ƙaruwa. In za ki zo nake jan labule."

"Don me?"

"Don kar ki faɗa."

Inna ta jawo kan Auta ta ɗora a kafaɗa, suka zauna haka suna kallon ƙofa.

Bayan la'asar Doguwa ta fito tare da likitan da ya yi aikin. Suka ce hanyar ta bushe kamar zare, sun yanke ta sun jona hanji a jikin hantar kai tsaye, yanzu sai jira a ga ko ruwan zai bi. Wani yana bi, wani ba ya bi. Yaron ya kwanta da roba a hanci da roba a hannu, ciki a kumbure, ba nono ba kashi. Kwana ɗaya, biyu, uku, huɗu, bokiti na shida yana saukowa da fitsari kawai, Inna tana buɗe kowane nafkin tana jin kamar za a ce mata wani abu.

Rana ta biyar da hantsi mai shara ta leƙo ta ce ana kiranta a sama. Ba ta tambayi dalili ba don tana tsoron amsar, ta hau da kumfa a hannu. Auta tana tsaye bakin taga da nafkin a hannu biyu ta kasa kallonsa, ta miƙo mata. Ɗan kaɗan ne, kamar an shafa da yatsa. Sista ta kawo tsinke.

"Inna ki faɗa min."

"Kore ne."

"Har ciki?"

"Har ciki."

Tela ya fita baranda da sauri yana share fuska da hula. Doguwa ta zo ta duba ta ce madalla, amma kar su saki jiki, ruwa ya fara bi ne kawai, jini ne zai faɗi gaskiya nan da wata uku, kuma duk ranar da ya yi zazzaɓi ko na minti goma ne a kawo shi da gudu, don ƙwayar cuta tana iya hawa ta sabuwar hanyar ta ɓata komai.

Sati shida bayan nan suka zo layin ganin likita na ranar Talata, Inna ta roƙi awa ɗaya ta hau. Aka ɗora shi a sikeli ya ƙaru, ya cafki tabarau ɗin Doguwa ya ƙi saki, Inna ta ce ga shi nan marowaci ya koma ƙwace. Doguwa ta duba takardar jini ta ce rawayar da ke cikin jininsa ta ragu da rabi.

"Rabi ya isa?" in ji Inna.

"Bai isa ba tukuna. Amma sauka yake. Ku dawo Talata ta sama."

Inna ta gyaɗa kai. Ta so ta ƙara riƙe shi amma awar da ta roƙa ta cika, ta miƙa wa uwarsa, ta taɓa goshinsa ta sake taɓawa ta ji ba zafi, ta ce wa tela ya bi da su ta inuwa. Ta tsaya a saman bene har suka fita ƙofa, sannan ta sauka, wankin rana yana jiran ta.